Ibadan da Ban Je Ba

Shagona na abincin kaji yana bakin titin da ya fita daga Gwarzo ya nufi Kabo. Da sunan wani kamfani na Ibadan na buɗe shi. Su suka ba ni allonsu na kafa, suka ba ni firji mai sola don ajiye maganin rigakafi, motarsu kuma tana kawo mini 'yan tsaki da buhunan abinci. Ni kuwa na sa hannu a kan cewa kayansu kaɗai zan sayar. Na karanta yarjejeniyar, amma karatun mai ɗoki. Na ga inda aka ce duk rigimar da ta taso kotun Ibadan ce za ta saurara, na wuce wurin ban tsaya ba, don a lokacin ban hango abin da zai haɗa mu ba.

Masu sayen kayana yawancinsu mata ne daga Getso da Lakwaya, masu kiwon kaji a bayan ɗaki. Wata damina motar kamfanin ta daina zuwa. Da farko aka ce hanya ce ta lalace, daga baya aka daina ɗaga mini waya. Kaji kuwa ba su san uzuri ba. Sai na sayi masara da waken suya da dusa, na kai inji, na haɗa abinci da kaina. Duk wadda ta zo nakan gaya mata haɗina ne, ba na kamfani ba.

Motar ba ta dawo ba, sai wakilinsu ya zo. Mutum ne mai ladabi, ya gaishe ni har da tambayar mutan gida, sannan ya ce, "Hajiya, an ce kin saɓa sharaɗi. Za a turo a cire allo, a ɗauke firjin. In kina da ja, sai dai ki je Ibadan."

Firjin ya dame ni, amma Ibadan ta fi damuna. A lokacin mahaifina yana kwance a Kabo, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nawa. Kullum bayan la'asar nake rufe shago in tafi in ba shi. Shari'a kuwa ba zuwa ɗaya ba ce, yau a ɗage, gobe a ce lauya bai zo ba. Na fara tunanin in bar musu komai in huta.

Ina ba shi kunu na gaya masa. Ya daɗe yana haɗa maganar, don harshensa ya yi nauyi.

"Kin yi wa wani ƙarya?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To kada ki yanke wa kanki hukunci. Nemi wanda ya san dokarsu."

Akwai 'yar maƙwabtanmu da ta zama lauya a Kano, wadda na sha yi wa kitso tana ƙarama. Na kai mata yarjejeniyar. Ta karanta a nutse, sannan ta juyo da takardar wajena.

Ta ce, "Yaya, maganar Ibadan gaskiya ce, kin sa hannu a kanta. Amma dubi ƙasanta. Sun ce in abu na gaggawa ne, ana iya zuwa kotu mafi kusa a nemi umarnin dakatarwa. Don kansu suka sa, saboda su iya tsayar da dillali da wuri. Sai dai sun rubuta kowane ɓangare, ke ma kuwa ɓangare ce."

Na ce, "Ke nan na yi nasara?"

Ta ce, "A'a. Roƙo za mu yi a bar komai yadda yake har a saurari asalin maganar. Kuma sai mun nuna cewa in aka ɗauke firjin, za a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa."

Wannan bai yi mini wuyar bayani ba. Maganin rigakafi in ya sha zafi ya mutu, ga shi lokacin da ciwon kaji ke yawo ne. Kajin matan nan su ne sabulunsu da littafin 'ya'yansu.

Ranar zama na hau mota da safe zuwa Kano. Lauyan kamfanin ya tashi ya ce wannan kotu ba ta da hurumin sauraron maganar, a tura mu Ibadan. Alƙaliyar, wata dattijuwa mai magana a hankali, ta sa aka karanto sharaɗin. Ta ce asalin rigimar tana iya tafiya inda aka yi alkawari, amma kafin nan kada a taɓa allo, kada a taɓa firji.

Da muka fito na zauna a kan wani benci a inuwa. Sai a lokacin na ji yunwa, wadda na kwana biyu ban ji ba. Na sayi gurasa, muka ci ni da lauyar a tsaye a bakin titi, tana yi mini dariya wai na manta da yaji a haɓata. Na isa Kabo rana ba ta faɗi ba. Baba ya tambaye ni ko alƙalin tsoho ne. Na ce mace ce. Ya yi murmushi da ɓarin bakinsa mai motsi, ya buɗe baki na ba shi tuwo.

Ashe mutanen kamfanin su ma ba sa son doguwar shari'a. Ba a jima ba suka nemi a zauna, kuma a shagona aka zauna, a kan buhuna. Suka amsa cewa motarsu ta yi jinkiri. Aka sake rubutu: in kaya suka makara, ina iya sayar da haɗina muddin na faɗi cewa nawa ne, in kuma wata rigima ta taso, a Kano za a yi ta. Wannan karon layi-layi lauyar ta karanta mini da Hausa kafin in karɓi biro.

Ranar da motar ta dawo, matan Getso sun riga ta isowa. Muka sauke kwalayen 'yan tsaki suna ta kuka, na yi ta rabo har azahar ta wuce.