Baba Rewaya da Motar Mai Kyamis

Duk wanda motarsa ta taɓa ƙin tashi a wannan layi ya san rumfar Baba Rewaya. Rumfar kwano ce a ƙarshen gareji, da benci guda, da tulin matattun batura, da wayoyi ja da baƙi rataye a ƙusa. Shi kuwa gajere ne mai furfura, yatsunsa duk tabon ruwan batir. Tun yana saurayi yake gyaran wutar mota, karatun aikin nasa kuma ba shi da tsawo. A tayar da inji, a ɗora mita a kan batir. In ta nuna sha huɗu, altaneta, wato injin da ke ba batir wuta, na caji, a rufe bonet. In ta sauko sha biyu, to akwai magana. Da wannan ya gina gida, ya ciyar da iyali, har autarsa ta zama malamar makaranta mai motar kanta.

Ana nan sai ga Mai Kyamis, tsohon kwastomansa, da wata dalleliyar mota irin ta zamani. Bawan Allahn nan ya sayo wata 'yar na'ura ya soka a gaban mota, tana nuna masa ƙarfin batir. Tun daga ranar hankalinsa bai sake kwanciya ba.

"Baba, motar nan ba ta caji," in ji shi. "Da na hau titi sai lambar ta faɗo sha biyu da ɗoriya. Can kuma ta haura kusan sha biyar. Wata rana a daji za ta ajiye ni da iyali."

Baba ya tayar da inji, ya ɗora mita. Sha huɗu cif. Amma tunda mai abu ya ce ya gani da idonsa, sai ya goge kan batir, ya ɗaure fambel. Mai Kyamis ya dawo. Aka sauya batir, ya sake dawowa. Baba ya cire altaneta ya sa wata sabuwa fil. Kwana kaɗan sai ga shi kuma, wannan karon ko zama bai yi ba.

"Haba Baba! In abin ya fi ƙarfinka, ka faɗa mini mana. Ba abin kunya ba ne, zamani ne ya zo."

A gaban makanikai ya faɗi haka, kowa ya sunkuyar da kai kamar yana neman sifana. Maganar ta yi wa Baba ciwo ƙwarai. A gida abinci ma tsakura ya yi ya ture kwano. Matarsa ta ce ai dama yara sun daɗe suna roƙonsa ya huta.

"Na ji," in ji shi. "In motar nan ta gagare ni, da hannuna zan sa wa rumfar kwaɗo, ba zan sake buɗewa ba. Amma sai ta gagare ni tukuna."

Kuma duk wanda ya san Baba ya san ba ya magana biyu.

Matsalar dai a fili take. Motar lafiya lau take a tsaye, sai tana tafiya take nuna halinta. Shi kuwa Baba, duk motocin da suka bi ta hannunsa, bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Da keke yake zuwa aiki. 'Yan gareji sun sani, amma wa ya isa ya furta? In an matsa sai ya ce likita ba sai ya kwanta a gadon mara lafiya ba.

Da safe ya kira Auta. Ya jawo dogayen wayoyi daga batirin motar Mai Kyamis, wadda aka bar masa a rumfa, ya zuro su ta taga, ya zauna a gefen direba da mita a cinya.

"Ja mu je, kuma ban da surutu."

"To, ranka ya daɗe," ta ce tana dariya. "Yau ni ce direban manya."

Suna fita gari lambar ta sulale zuwa sha biyu da rabi. Baba ya ƙura wa mitar ido. Ashe Mai Kyamis ba sharri ya yi ba! Suka kai wata gangara, Auta ta ɗaga ƙafa daga totur, sai lambar ta yi sama har ta kusa sha biyar.

"Me kika yi yanzu?"

"Ba komai, Baba. Totur na saki."

"Taka. Saki. Taɓa birki. Kai! Sake."

Suka yi ta hawa da sauka a kan gangarar nan har mai shayin bakin hanya ya fara binsu da kallo. In ta taka totur wuta ta ragu, in ta saki ko ta taɓa birki wuta ta ƙaru. Ya ce ta kunna manyan fitilu, lambar ta tsaya a sha huɗu ba ta motsa ba. Abin da ya lalace ai ba ya bin ƙa'ida haka.

Ya sa ta tsaya, ya buɗe bonet, ya tsura wa wani ɗan ƙaramin akwati da ke maƙale a kan batir ido. Sau nawa ya gan shi ya ɗauka kwalliya ce! Ashe shi ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko batir ya ƙoshi. In ya ƙoshi sai ta sassauta wa altaneta don kada a ƙona mai a banza, in mota na gangarawa sai ta ɗebi cajin kyauta. Ba a ta ɗura ruwa a tulun da ya riga ya cika.

Farin ciki ya kama shi, kunya ma ta kama shi. Lafiyayyar altanetar mutum ya cire ya jefa ƙarƙashin benci.

"Baba, rumfar fa?" Auta ta tambaya a hankali.

"Wa zai rufe? Yau ɗin nan zan mayar wa Mai Kyamis da altanetarsa, in gaya masa da bakina motarsa ƙalau take, ni ne ban gane ba."

Haka kuwa aka yi, a gaban makanikan nan dai. Mai Kyamis ya yi 'yan ƙunƙuninsa, ya ja motarsa ya tafi. Ko zai dawo, Allah masani.

Da yamma Baba ya tsaya a ƙofar gida har Auta ta iso a tsohuwar motarta.

"Irin waɗannan motoci za su yi ta zuwa," in ji shi, "kuma ba kullum za ki bar 'yan makaranta ki yi yawo da ni ba. Kai ni filin bayan gari."

A can ta koma gefe, shi ya shiga mazaunin direba. Ya matso da kujera har ƙirjinsa ya kusa taɓa sitiyari. Gumi na tsattsafo masa a goshi, don tsoro yake ji na gaske. Ta nuna masa kuloci da birki da totur, ta ce ya saki ƙafa sannu a hankali. Motar ta zabura, ta yi tari, ta mutu.

"Baba, ko mu bari sai gobe?"

Bai ko kalle ta ba. Ya goge tafin hannunsa a riga, ya sake murɗa makulli.