Shekarar da Tozo Ya Kwanta

Talatar da ta wuce na bi ta wajen masu tsire a kasuwar Mafara, kitsen tozo yana ɗiga a kan garwashi. Da kai ne, yawunka ne zai tsinke. Ni kuwa ƙaurin nan tsayar da ni ya yi cak, don ya tuna mini da san kakana.

A wani ƙauye na ƙasar Bakura na tashi, can inda ruwan madatsar Bakolori bai kai ba, saboda haka noman damina kaɗai muka sani. Kakana na wajen uba yana da farin sa guda, shi ake haɗawa da na maƙwabcinmu a yi wa gidajen biyu huɗa. Bayan girbi tozonsa tsaye yake kamar tulu a kife. Ni kuwa ɗan neman magana, kullum sai na kai masa duka don in ga yana rawa, in ce da tsohon ya bar mini shi gado. Wata rana ya kama kunnena ya murɗe.

"Kai ja'iri, wanga ba ado ba na, rumbunshi na. Abin da yac ci da damana yar rage, nan shika aje shi kitse. Ran da ciyawa taƙ ƙare, jiki shi narka shi kaɗan-kaɗan, jini shi kai ma ƙahwahu ƙarhi."

Shekarar da nake ba ka labari, ruwa ya ɗauke da wuri, harawa ba ta yi auki ba. Kafin tsakiyar bazara karan dawa ya ƙare. Dusar da ake ba san ma mu muka koma sha a kunu. Mukan yini a gindin gawo muna tsintar 'ya'yansa, abin da ba ya cika ƙwarya. Kowace safiya tsohon zai ɗora tafinsa a kan tozon, ya daɗe, sannan ya ɗaga kai ya dubi gabas.

Da farko laushi tozon ya yi. Daga nan ya karkace gefe kamar tsohuwar hula. Haƙarƙari suka fito har ana gani daga bakin zaure, sai cinyoyi suka soma zubewa. Babana ya ce a kira mahauci tun da sauran abin yanka. Tsohon ya ce to, a yanka, sai a ɗaura wa babana garmar. Da muka rage mu biyu ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "In kitse yaƙ ƙare, nama shika koma ma ci. Roƙi Allah ruwa shi riga shi." Ban taɓa jin tsoro a muryarsa ba sai ranar.

Ruwan ya zo kuwa, mai yawa. Muka yi ta tsalle tsirara a tsakar gida. Ciyawa ta tsiro shar, maƙwabci ya fito da garma yana gyara, amma sanmu ya kwanta ya kasa tashi. Mazan unguwa suka zura masa itatuwa da buhu a ƙarƙashin ciki, suka ɗaga da salati. Ƙafafunsa suka yi ta lilo kamar igiya, ana saki ya zube. Na tsinko sabuwar ciyawa na sa masa a baki. Ya tauna a hankali yana kallona. Na yi kuka ranar, don ga abincin ya zo, ga shi a bakinsa, amma ba sauran jikin da zai karɓa.

Gudun kada ya yi mushe aka yanka shi. Da mahauci ya tsaga tozon, babu kitse ko na shafa wa leɓe, sai wani ruwa-ruwa mai yauƙi. Ya fasa ƙashi, ɓargon ma ya tsinke. Ya goge wuƙarsa ya ce, "Baba, wanga ya canye kainai tun kahin mu zo." Tsohon bai ci naman ba. Da hannu muka yi huɗa a shekarar, rabin gonar ya kwana saura.

Yanzu na san jikin ɗan Adam ma haka yake, ajiyarsa yake ci idan ta waje ta yanke. Kawuna na ƙasar Maradun yana ɗakin zaurena da jikokinsa tun da 'yan bindiga suka raba su da gona. Ƙato ne a da, har muna tsokanarsa da cewa sai an faɗaɗa masa ƙofa. Yau hularsa har kunne take sauka. In na kai masa tuwo sai ya tura wa yaran, ya ce ya ƙoshi, ni ma abin da ke gidan bai isa in yi masa gardama ba. In na tambaye shi yaushe za su koma, sai ya ce, "Sai daji ya lahwa." Sa dai mun san abin da yake jira, ana kuma hango hadarinsa daga gabas. Na kawu ban san ta ina zan duba ba.