Allon da ba a goge ba

A duk tarihin filin jirgin, ba a taɓa yin ma'aikacin hasumiya irin Baba Sauka ba: shekara ashirin da shida yana ba matuƙa umarni, ko fiffike bai taɓa karcewa a hannunsa ba. Jirage huɗu ne dai ke zuwa a mako, idan an haɗa da na wasiƙu.

Hasumiyar ɗaki ce guda mai gilashi, da rediyo, da fanka, da allo a bango. Babu na'urar hangen jirage. Daga gabas akwai dutse, kuma ta kansa kowane jirgi ke shigowa. Kowace safiya mai awon yanayi, ƙanin matar Baba, yakan rubuta awon nauyin iska a allon da alli. Baba ya karanta wa matuƙi, matuƙi ya saita agogon da ke nuna masa tsayinsa daga ƙasa. In lambar ta tsufa, agogon ma ƙarya zai yi.

Wata Laraba da hantsi hazo ya haɗiye dutsen ɗungum. Jirgin wasiƙu ya kira, mutum uku a ciki. Baba ya karanta lambar, ya ce ya sauko ƙafa dubu shida. Matuƙin ya maimaita daidai, har da godiya.

Sai ga mai awon yanayin, surukin Baba, ya hawo bene da alli a hannu, yana ba da haƙuri: babur ne ya mace masa a hanya. Ya goge lambar jiya, ya rubuta ta yau. Baba ya kwatanta lambobin biyu a ransa. Jirgin yana ƙasa da abin da agogonsa ke faɗa, kuma bambancin ya isa ya sa ya ci karo da dutsen.

Baba ya kira jirgin. Rediyo ya buɗe, sai huci kawai, kamar mutum ya kara baki yana numfashi. Ya sake kira. Fanka na juyawa. A waje babu komai sai fari, ko tsuntsu bai gifta ba. Surukin ya ce, "Yaya, ka ji wani ƙara?" Baba bai ji ba, kuma rashin jin ne ya fi tsorata shi.

Minti tara a haka. Sannan jirgin ya fito daga hazon ba sauti, kamar an zana shi a gilashi, ya sauka.

Baba ya gangara har bakin jirgin, ya faɗi laifinsa duka. Matuƙin ya saurara yana ɓare lemo. Ya ce bayan dutsen rediyo ba ya kamawa, kullum haka ne.

"Kar ka damu, Baba," in ji shi. "Duk wanda ke zuwa nan ƙafa dubu yake ƙarawa a kan abin da ka ce. Tun ranar farko ake gaya mana."