Sikon ɗin da Ya Ƙi Jin Hannu

Cikin Hausawan Madina mazauna unguwar Khalidiyya, in aka yi zancen tuwo marar gudaji, sunan Safiyatu ake kira. A nan aka haife ta. Kakanta ne ya zo aikin hajji a ƙafa ya ƙi komawa, ita kuwa ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba sai a bakin mutane. Abin da ta gada daga can hannu ne. Mace ce mai damtse, in ta kama muciya sai ka tausaya wa tukunya, kuma ta yi imani cewa duk abincin da bai ji jiki ba raini ne ga mai cinsa. Yanzu ita da kanta take faɗa, tana dariya, cewa wannan imanin ya ci mata shekaru.

Mijinta Lurwanu mutumin Jos ne, direban motar alhazai. Ba shi da surutu, amma yana da zance ɗaya da ba ya gajiya da shi, wato sikon, wani ɗan burodin Turawa. Mahaifinsa kuku ne a gidan wani Bature mai haƙar kuza, yakan ɓoyo masa guda a aljihun riga, da ɗuminsa, ya tsaga ya shafa masa man shanu. Tsohon ya rasu Lurwanu yana Madina, bai sami jana'iza ba. Safiyatu ta san wannan, amma bai hana ta jin haushi ba. A ce tana ciyar da mutum alkaki da funkaso irin nata, shi kuwa hankalinsa na kan burodin aljihu. Ta ɗaura aniyar yin sikon ɗin har sai ta ji ya ce shi ne.

Shekarar da suka sayi furun, wato tanderun gas, wajen 1977, ta zaunar da shi ya lissafa mata kayan haɗi: fulawa, man shanu mai sanyi, madara, sukari, bekin foda. Abin da bai sani ba shi ne yadda ake haɗawa, don shi daga aljihu ya san abin, bai taɓa leƙa kicin ɗin ba.

Da ta zuba madara ta ga ƙullun ya fito kaca-kaca, man shanu dunƙule-dunƙule a ciki, sai kunya ta kama ta. Ta naɗe hannun riga ta hau shi da murza, ta buga, ta juya, har ya yi sumul. Ta yanka da bakin kofin shayi ta jera a faranti. Abin da ya fito daga furun kyakkyawa ne a ido, amma da maƙwabciyarta Murja ta ƙwanƙwasa ɗaya a bakin tire, sai ta tambaya ko daga gindin dutsen Uhudu aka kwaso su. Lurwanu ya jiƙa nasa a shayi ya daɗe, ya tauna a hankali.

"Ya kusa, Ummu Ali," in ji shi, don da sunan ɗansu yake kiranta.

Daga wannan maganar Safiyatu ta gane abu ɗaya: murzar ce ba ta isa ba. Juma'a mai zuwa ta ƙara. Haka abin ya zama al'adar gidan, kowace Juma'a in ya dawo daga Harami. Ta sauya fulawa, ta zargi furun, ta zargi ruwan Madina, ta cusa dabinon Khaibar a ciki, har ta taɓa zuwa ta yi wa mai baƙala, wato kantin unguwa, faɗa a kan bekin foda. Hannunta kaɗai ba ta taɓa zargi ba. Ranar da haƙorin Lurwanu ya gutsure, ya rantse ƙwallon dabino ne, ita kuma ta yarda da sauri.

Tsufa ya zo musu kusan lokaci ɗaya. Likita ya hana shi sukari, ita kuma sanyin ƙashi ya kama mata wuyan hannu, har matse tsumma ya zama aiki. Wata Juma'a ta so ta haƙura, sai ta ga ranar ba za ta yi kama da Juma'a ba. Tun da babu sukari, ta goga jibna, wato cuku, ta watsa habbatus sauda da ɗan gishiri. Ta mutsuke man da bakin yatsu, ta tattara ƙullun yadda ya ga dama, ta ɗan danna, ta yanka. Sai da ta ja labulen taga don kada Murja ta ga wannan aikin malalata.

Sikon ɗin suka tashi, suka tsage a gefe, ƙamshi ya cika gidan. Ta kai masa tana ba da haƙuri tun daga ƙofa. Lurwanu ya miƙa hannu zai ɗauki shayi, sai ya fasa, don abin ya rabe a yatsunsa. Ya ci loma ɗaya ya tsaya yana duban sauran, har ta ɗauka ya ƙi ne.

"Na Baba mai sukari ne," ya ce, idonsa ya kawo ruwa. "Amma shi ne. Wallahi shi ne."

Ta yi murna, ba ta ɓoye ba, har da hawaye. Amma da ta koma kicin takaici ya biyo ta. Shekara da shekaru tana zuba ƙarfinta, ashe abin da ƙullun yake so shi ne a ƙyale shi, kuma sai da ciwo ya ɗaure ta aka ƙyale shi.

Bayan 'yan makonni ana cin mai laushi, Lurwanu ya fara kewaye-kewaye. Daga baya ya fito fili ya ce na Baba ya samu, alhamdu lillahi, amma shayinsa na Juma'a ya zama wani iri, babu abin jiƙawa. Yana son nata mai taurin nan.

Safiyatu ta dube shi, ta dubi hannunta da ba ya rufuwa.

"Khalas, shi ke nan, Abu Ali, wancan ya tafi da hannun."

Ya naɗe hannun rigarsa ya jawo kwanon. Ta ja kujera ta zauna kusa da shi, tana ce masa ya ƙara murzawa, bai yi ba tukuna.