Littafin Ƙyallayen Goggo Tabawa

Duk wanda ya san Goggo Tabawa ya san ba a zama kusa da ita da sabon kaya. Kina durƙushe kina gaishe ta, kina tambayar ya ƙafa ya jiki, sai ki ji ƙyas a gefen zanenki. Ta yanka! Ɗan almakashi ne da ta rataya a wuya da igiya kamar laya, ko alwala take yi yana nan yana lilo. Ba ta ɗiba da yawa, faɗin yatsu biyu ne, kuma daga ciki, inda aka kalmashe. Ta cusa a haɓar zane, ta ci gaba da amsa gaisuwa kamar ba ita ba.

"Lafiya lau, ƙafar ce dai. Wannan atamfar tana zuba?"

Ƙanwar babanmu ce, kuma ɗinki ne sana'arta a nan Kiyawa, da keken hannu wanda ya girme ni. Ta taɓa gaya min yadda abin ya faro. Shekara biyu da rasuwar mijinta, ta wayi gari ta kasa tuno fuskarsa. Tana zazzage buhun ƙyallaye sai ga ragowar yadin rigarsa, nan take mutumin ya dawo mata, har da yadda yake gyaran murya in zai shigo gida. Daga ranar ta ce littafi za ta haɗa.

Lokacin an mai da Dutse babban birnin jiha, gini ko'ina. Goggo ta hau mota ta je tana bin leburori tana roƙon buhunan siminti da aka zazzage, su kuma suna kallonta kamar mai taɓin hankali. Ta zo ta ɓare, ta ɗauki takardar tsakiya wadda babu rubutu babu ƙura, ta goge da dutsen guga na gawayi, ta ɗinke da kekenta, ta yi bango da kwalin sabulu. Maigidana da ke aiki a ofishin ƙaramar hukuma ya ji tausayinta, ya kawo mata sabon littafi mai layi. Ta juya shi gaba da baya, ta miƙa masa abinsa.

"Takardar gwamnati ce. Shekara biyu ta canza launi."

Ni kuma da na ga tana wahalar jiƙa ƙaro kwana biyu kafin ya narke, na ce, "Goggo, ai da fulawa kika dama, yanzun nan ki liƙa."

"Fulawa? In yi wa gara tuwo, in kai mata har ɗaki, in ce bismilla? Ke dai kanki ba ya ja, Dije."

Ƙaro ne kawai, irin wanda malamai ke sa wa tawada, sai busasshen ganyen darbejiya tsakanin shafi da shafi saboda kwari.

Kun tuna bikin Aujara? Wata Hajiya ta zo daga Kano da leshi mai duwatsu, tana tafiya yana walƙiya. Duk muka yi ta addu'a kada ta zauna kusa da Goggo. Can ta zauna. Da Hajiya ta ji ƙarar almakashi ta zabura tana salati, tana cewa an san daga inda aka kawo leshin nan kuwa?

Goggo ta ce, "Hajiya, daga ciki na yanka. Wa zai ɗaga zanenki ya duba? In ma akwai mai ɗagawa, ai ba leshi ya zo gani ba."

Uwar amarya sai da ta kwana uku tana ba da haƙuri.

Abin da ya sa dariyar ke tsaya wa mutane a maƙogwaro shi ne ƙa'idarta. Ƙyallen mai rai ba ya shiga littafi, yana cikin wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gado. Sai ranar da aka dawo daga maƙabarta take ciro shi ta liƙa. Ba ta iya rubutu ba, ba ta kuma so a rubuta mata suna, ta ce ita ta san kowa. Da Baffa Jauro, yayansu, ya kwanta ciwo har aka fara kiran 'yan'uwa na nesa, ta zo dubiya. Ya buɗe ido da ƙyar, ya shaƙi iska.

"Tabawa, warin ƙaro nake ji a hannunki."

"Na jiƙa ne kawai, Yaya. Ka san yana ɗaukar kwana biyu."

"To ki zubar. Ban shirya ba."

"Ƙaro ba ya lalacewa. Zan jira."

Wallahi haushin maganar nan ne ya tashe shi. Washegari ya ce a dama masa fura. Ga shi nan har yau yana cin goro, ita kuwa mun kai ta.

Sai shekarar sanƙarau. Zafi ya yi zafi, gida kaɗan ne a unguwarmu ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba. Goggo ta daina barkwanci, kullum ƙoƙon ƙaro a jiƙe. A cikin waɗanda suka tafi akwai 'yata ta fari, tana da shekara huɗu. Da safe ta ce wuyanta, kafin la'asar ta washegari an rufe ta.

Kun san al'adarmu. Kakanninmu ne suka bar ruga, amma kunyar ɗan fari ta biyo mu har cikin gari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya mutu ba ta kuka a ji. Haka na zauna ana min gaisuwa ina amsawa kamar 'yar maƙwabta ce ta rasu. Surukata, Inna, ta zo daga Buji, kafin sadakar uku ta tattara kayan yarinyar kaf ta bayar, har takalmi. Don tausayina ta yi, kada in riƙa gani ina tunawa. Hoto kuwa babu. Mai hoto ranar kasuwa yake zuwa, kullum muna cewa sai wani makon.

Abin da ya rage na yarinyar nan a duniya faɗin yatsu biyu ne na rigar sallarta, rawaya mai ɗigon kore, wadda ranar da Goggo ta yanka har faɗa na yi da ita. Yana cikin littafin, ni kuma ba ni da bakin da zan ce a nuna min. Goggo ta sani. Lokaci-lokaci sai ta aiko a kira ni wai in sa mata zare a allura. In na shiga, littafin na kan gado a buɗe daidai wurin, ita kuma ta fita tsakar gida ta kama zagin awaki da ƙarfi, zagi mai tsawo, har kakanninsu, yadda ba wanda zai ji abin da ake yi a ɗaki. In ta dawo sai ta ce, "Har yanzu ba ki sa zaren ba? Ke ma idon ya tafi." Shekara biyar muna haka, ba mu taɓa yin maganar ba.

Da shari'a ta zo, kowa ya shiga binciken abin da ya halatta da wanda bai halatta ba. A daidai nan wata maƙwabciya ta kwanta ciwo mako guda bayan Goggo ta yanki mayafinta. Shi ke nan! Dama kowa ya san da ƙyallen mutum ake yi masa asiri. Aka fara cewa duk wanda ke cikin littafin nan ya mutu, kamar da rayayyu ta ce tana liƙawa. Mata suka daina kawo ɗinki. Aka daina amsa mata sallama a gidajen biki. Ƙanena Sabi'u, wanda ya dawo daga karatu a Kano da gemu da zafin zuciya, ya ce ko ba asiri ba ne bidi'a ce, kuma sunan gidanmu ake ɓatawa, a ƙone. Ba mugu ba ne Sabi'u, tsoro yake kada wata rana a jefe ta a kasuwa.

Baffa Jauro ya tara dangi a tsakar gidansa bayan la'asar, maza a tabarma ɗaya, mata a bayansu, aka kira Liman. Liman ya buɗe littafin, ya duba gaba ya duba baya, ya shinshina, bai ga rubutu ba bai ga laya ba.

"Hajiya Tabawa, mene ne amfanin wannan?"

"Allah gafarta Malam, in na buɗe sai in yi wa kowa addu'a da sunansa. Kai da ka sallace su, lissafo min goma."

Liman ya yi gyaran murya. Can ya ce, a hankali, "Nawa ma yana cikin kwallar?"

"Tun bara. Farar shaddar nan ta Juma'a."

Ya sa hannu yana laluben bakin rigarsa, har Sabi'u sai da ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya. Amma hukuncin da aka yanke ba na dariya ba ne. Liman ya ce bai ga shirka ba, sai dai zargi ya yi yawa, kuma kwantar da fitina ya fi. Ƙyallen masu rai a mayar wa masu shi. Littafin a farke shi, kowane gida ya karɓi na mamacinsa, abin da ba a samu mai shi ba a sa a wuta a wuce wurin. Aka kawo kasko da garwashi aka ajiye a tsakiya.

Goggo ba ta yi musu ba, abin da ya ba kowa tsoro ke nan. Da hannunta ta warware ɗinkin. Ta riƙa yanko shafi tana ɗagawa tana kiran suna, wane ɗan wane, wance matar wane, masu shi na zuwa suna karɓa, na maƙwabta a ajiye musu gefe. Ta ɗaga wani shuɗin saƙi ta ce, "Sabi'u, zo ka ƙona uwarka." Ya zo ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihun gaba.

Sannan ta ɗaga rawaya mai ɗigon kore. Ba ta kira suna ba.

"Wannan na wa?"

Ba wanda ya gane shi, rigar yarinya ce da aka sa sau uku. Ni da ita kaɗai muka sani. Na kafe ta da ido ina roƙonta a zuci, ki faɗa mana, Goggo, ke kaka ce, ke ba kunya tsakaninku, ki ce taki ce ki ajiye. Ta kalle ni sarai, ta kau da kai.

"Ba mai shi? Daga sama ta faɗo, yarinyar? Ba wadda ta yi naƙudarta?"

Wallahi a wannan lokacin na tsane ta. Baffa na zaune, Liman na zaune, maigidana na can gefe ya sunkuyar da kai, shi ma 'yar farinsa ce, bakinsa a ɗaure. Goggo ta miƙa hannu saman kaskon, ta riƙe takardar da yatsu biyu. Na ga gefenta ya fara nannaɗewa saboda zafi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Nawa ne."

"Na wa? Kunnen ya tsufa."

"Na 'yata ne."

"Wace 'yar taki? Kina da uku."

"Habiba," na ce. "Habiba ce, Goggo. Habibata ce."

Shekara tara da haihuwarta, ranar na fara kiran sunan da bakina a gaban mutane. Na ji mata suna salati a bayana, wata ta ce, "Yau mun ga rashin ta-ido." Kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita, shi ya zo min a tsaye, a gaban Baffa, da ƙarfi, ba kyan gani. Goggo ta danƙa min takardar, da ɗuminta, ta ce, "Ashe kina da baki. Awakina sun huta da zagi."

Labari ya kai Buji kafin in kai gida. Inna ta aiko cewa na kunyata su, ta yi wata huɗu ba ta tako gidana ba. Sai bayan babbar salla ta zo, ta zauna, ta sha ruwa, ta yi ta zancen tsadar dusa. Da za ta tafi, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya ba ta juyo ba.

"Takardar nan, tana kusa?"

Na ɗauko mata. Ta daɗe tana shafa ƙyallen da babban yatsa.

"Ni na sayo mata yadin nan," ta ce. "Na bayar da komai don kada ki gani, ni ma sai na rasa abin gani." Ta koma ta zauna, muka yi kukanmu tare, ni da surukar da ko ido ba na haɗawa da ita.

Goggo ba ta ƙara haɗa wani littafi ba, ɗinkin ma bai dawo mata kamar da ba, wasu har ta rasu suna tsallake ƙofarta. Ta sha wannan ita kaɗai, ba ta taɓa kai ƙara wurin kowa ba. Ya Allah, baiwarka Tabawa ta riƙe sunayen mutane lokacin da nasu suka kasa. Ka yafe mata kaifin bakinta, ka yalwata mata kabari, ka sanyaya mata makwanci. Ka haɗa ta da Habiba, ta riƙe min ita kafin in zo. Amin.