Fitilar da ta Kama a Akwati na Biyu

Ranar Talata, tara ga Nuwamba 1999, Nkiru ta aiko mini cewa mijinta, maigidana Oga Marcel, ya rasu bayan doguwar jinyar ƙoda. Ranar Asabar muka binne shi nan Kafanchan, inda aka haife shi a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Mutane da yawa sun yi magana a bakin kabari. Ni na yi shiru, domin abin da ke bakina ba yabo kaɗai ba ne.

Oga, daga Kwoi ka ɗauko ni, ban san komai ba sai noman citta. A makarantarka ta koyon kwamfuta ka koya mini ɗaura waya, ka ciyar da ni a gidanka shekara biyu, ba ka taɓa yi mini gori ba. Da na ƙona maka na'ura, dariya ka yi, ka ce gobe in ƙona ƙarama.

Da ka kawo akwatunan suwic guda uku, waɗanda ke haɗa kwamfutocinmu su yi magana da juna, ka jera su ɗaya bisa ɗaya, ka manna musu sunaye don tsokana: na sama Marcel, na biyu Andrawus, wato ni, na ƙasa Larai mai koyar da ɗalibai. Ka bayyana mana cewa idan aka kunna su tare, sukan zaɓi shugaba. Wanda aka ba lamba mafi girma shi ke ci, sai koriyar fitila ta kama a goshinsa; na sama ka ba wannan lambar. Duk abin da ya sani yana kwafa wa sauran, saboda in ya mutu wani ya ɗauka nan take. Ka ƙara da cewa, "In tsohon shugaba ya dawo, ba ya ƙwace kujera. Sai ya zauna ƙasa, har ranar da aka kashe duka aka sake kunnawa."

Da ka tafi asibiti a Jos, ka ba ni makullai. Ana haka akwatin sama ya ɗauke na ɗan lokaci, fitila ta koma na biyu, ta zauna. Ina jin kunyar faɗa, amma na ji daɗin ganinta. Wata biyar ina zama a kujerarka, ana ce mini Oga, kaina ya kumbura.

Ka dawo a rame, kana dogara sanda. Ka tsaya a ƙofar ofis ka ce, "Andrawus, akwai maganar da zan yi da kai a kan makulli."

Ban bari ka ƙarasa ba. A gaban Larai na ce, "Oga, ai kai ka koya mana, wanda ya dawo ba ya ƙwace kujera."

Ka dube ni, ka yi murmushi, ka ce, "Ka koyi karatu." Ka ja benci na ɗalibai ka zauna. A kan bencin nan ka yi makonni shida na ƙarshe, ni kuma ina lura da batir kamar mai jego, kada akwatunan su mutu gaba ɗaya fitila ta koma sama.

Litinin bayan jana'iza aka ɗauke wuta, batir ya ƙare, duka suka mutu. Da wuta ta dawo na tsaya ina jiran fitila ta kama a kan sunanka. Sai ta kama a na biyu.

Larai ta ce, "Oga ne ya canza namba, ya ba akwatinka mafi girma, tun kafin ya tafi Jos. Ya ce in ya dawo zai gaya maka da bakinsa makaranta ta zama taka."

Ashe maganar da na katse ke nan. Na ƙwace abin da ka zo ba ni, na hana ka ko daɗin miƙawa. Oga, ka yafe mini.

Ubangiji ya karɓi ranka, ya ba ka hutawa ta har abada. Nkiru, Mama Chibuikem, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya 'ya'yanki Chibuikem da Ifechi, ya ta'azantar da dangi da ɗalibai duka. Kujerar tana nan a ofis. Tun ranar Litinin ɗin a kan benci nake zama.

Andrawus Dogara, Kafanchan