Hannun da Baba Ya Ɗaga

Shekara talatin da ɗaya Babanmu ya yi yana koyar da gudu a filin wasan unguwarmu, usur a wuya, tsohon agogo a hannu. Takardar shaida ba shi da ko ɗaya. Amma yana ganin yadda kake sauke ƙafa zai gaya maka wace gwiwa ce za ta fara ciwo, kuma ita ɗin ce za ta yi. Dokarsa guda ce, bai taɓa karya ta ba: ba ya yi wa ɗan wasansa faɗa a gaban jama'a. Ko wane shirme ka tafka, tafi zai yi maka. Sai an shiga ɗakin sauya kaya an rufe ƙofa, sannan jikinka ya gaya maka. Mu ma a gida haka muka tashi. In Baba ya yi maka murmushi a gaban baƙi, to ka shirya.

Cikin waɗanda ya horar akwai wani da ake kira Bahago. A gidanmu ya ci ya sha, Umma ta sha ɗinke masa wandon gudu. Ya yi karatu, ya zama babba a ma'aikatar wasanni. Ran nan sai ga shi da mota, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, gwamnati ta kafa majalisar ba da shawara kan sana'o'in wasanni da shaƙatawa. Kujera ɗaya ta masu aikin fili ce. Na ce in ba kai ba, wa?"

Sau biyu Baba ya sa na goge masa riga ɗaya. Ya bi masu koyar da iyo da masu tausa 'yan ƙwallo ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar abin da suke so ya isar. Ni na riƙa rubuta masa, don idonsa ya yi rauni. Saboda idon ne ma aka yarda in zauna a bayansa a ɗakin taro, inda akwai dogon tebur da robobin ruwa da sanyin da ke tayar masa da ciwon ƙafa.

A zama na huɗu Bahago, wanda shi ne sakatare, ya miƙe ya karanta shawara: daga sabuwar shekara, babu mai koyar da wasa a filin gwamnati sai mai difloma. Na mintsini Baba a kafaɗa. Wata likita ta ce wannan zalunci ne ga tsofaffin hannu, mutum biyar suka goyi bayanta. Sai shugaban majalisar ya juyo.

"Ga mai abin nan zaune. Koci, me ka ce?"

Baba ya dubi Bahago, ya yi murmushin nan da na sani tun ina yarinya, ya ɗaga hannu. Likitar ta ga wanda take karewa ya yarda, ita ma ta ɗaga. Kowa ya ɗaga, kowa ya sa hannu.

A bakin matakala na ce, "Baba, don me ka yi haka?"

"Ke, in kunyata shi gaban manyansa? Bari in same shi a ofis, zai gyara."

Kwana tara muna zuwa ofishin. Yau yana taro, gobe ya fita, jibi ya yi tafiya. Rana ta goma muka tare shi zai shiga mota.

"Ɗana, mu shiga ciki, akwai magana."

"Baba, ai an riga an buga dokar. Kuma kai ma ka ɗaga hannu."

"Ka san abin da ya sa na ɗaga."

"Na sani, Baba," in ji shi, ya ja ƙofar motarsa.

Wannan "na sani" ita ce har yau take ci mini rai. Ya sani tun ranar da ya durƙusa a falonmu. Yana neman tsoho ɗaya da ba zai musa masa a gaban mutane ba, kuma a duk garin nan ya san inda zai same shi. Ni dai ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da sabuwar shekara ta kama, maigadin filin ya tare Baba a ƙofa, yana ta sosa ƙeya.

"Koci, ka yi haƙuri, umarni ne. Ga takardar. Wallahi sa hannunka ne na uku daga ƙasa."

Masu koyar da iyo suka daina amsa gaisuwarsa. Masu tausa kuwa in sun hango shi sai su sauya hanya. Yanzu kullum da safe a bayan shingen wayar filin yake tsayawa, yana danna agogonsa in masu gudu sun wuce, ba wanda ke tambayarsa minti nawa.

Makon jiya na ce masa, "Baba, mu je gidan rediyo ka faɗa wa duniya abin da ya yi maka."

Ya dube ni kamar na zage shi.

"A gaban jama'a? Ɗan wasana ne fa. Zai zo, mu rufe ƙofa."